Minti Takwas da Anti Hauwa

Amira, Sadiq, ku nake rubuta wa wannan babin, don haka ba zan yi kewaye-kewaye ba. Kun taso kuna ji a gidanku cewa Gwaggo Binta ce ta kayar da mamanku a jarrabawa da gangan, ta sa aka mayar da ita Uke. Amira ta faɗa mini haka a fuska ranar ƙaramar sallar da ta wuce, tana wanke kofuna, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ban yi fushi ba, abin da aka gaya mata ta maimaita. Amma yanzu kun iya karatu, ni ma kuma na gaji da shiru. Ga yadda aka yi.

Na zo Abuja bayan na gama sakandare, 'yan watanni da rasuwar Inna, kakarku. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kuɗi ya shigo gari, duk inda ka juya rodi ne da siminti, kowa kuma na riƙe da wayar salula a hannu kamar an hana sa ta a aljihu. Babanku, Yaya Kabiru, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya, ya kama ɗaki biyu da falo a Kurudu. Mamanku, Anti Hauwa, nas ce a wani ƙaramin asibiti a Uke, wani gari a wajen Abuja, can take zaune da ku, babanku ya je Juma'a ya dawo Lahadi. Shekara biyar suna haka. Sai ta samu kwas na wata shida a wata cibiyar horar da nas-nas da unguwarzoma a cikin gari. Sharaɗin a fili yake: wadda ta ci za a ɗauke ta aiki a asibitocin Abuja, wadda ta faɗi ta koma inda ta fito. Wannan kwas ɗin ne ya fara haɗa ku duka huɗun a rufi ɗaya, har aka sa Amira makaranta a Karu. Babanku ya sayo gado mai hawa biyu tun ba a ci jarrabawar ba.

Mamanku ce ta samo mini aikin. Ta dawo wata rana ta ce a cibiyar suna neman mai jin Hausa wadda ba ta da kunyar mutane, za ta riƙa kwanciya tana ƙaryar ciwo ɗalibai suna koyon aiki a kanta, ta ce nan take ta tuna da ni, tun da ko wanke-wanke aka ce in yi sai ciwon baya ya tashi. Na ce mata Likitar Uke ta fara gwajin magani a kaina ke nan. Haka muke da ita, ita ta ce mini 'yar fim, ni in ce mata Likitar Uke, babanku ya ce mu yi masa shiru yana jin labarai.

Cibiyar tana da ɗakuna da aka shirya kamar asibiti na gaske. Akwai wata ƙatuwar mace ta roba da ake koyon karɓar haihuwa a kanta, akwai hannayen roba da ake koyon neman jijiya, akwai jarirai na roba masu nauyin jaririn gaske. Amma roba ba ta magana, ba ta ɓoye abu, ba ta jin kunya. Shi ya sa ake neman irinmu. Mu biyu ne masu Hausa, ni da wata Laraba. Shugabarmu Sista Veronica ce, tsohuwar metiron, wato shugabar nas-nas, daga kudu wadda ta yi shekaru tana aiki a Arewa. Hausarta ta Abuja ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta.

Takardar farko da ta ba ni in haddace, mace ce mai jego, kwana shida da haihuwa, ta kawo jariri awo. An rubuta cewa da nas ta tambaye ta jiki sai ta ce jini yana zuba mata da yawa, tana jiri, kanta na ciwo. Na karanta na mayar mata. Na ce wannan ba Bahaushiya ba ce, ban san daga inda aka samo ta ba. Ta ce me ya faru. Na ce duk macen da na sani, ko hanjinta ke waje, aka ce yaya jiki, da sauƙi za ta ce, ta ƙara da alhamdulillahi. Na gaya mata yadda Inna ta yi. Da hantsi likita ya tsaya a bakin gadonta ya ce yaya jiki, ta gyara mayafi ta ce da sauƙi, ya rubuta ya wuce gado na gaba. Bayan la'asar aka kai ta makwancinta. Ina wurin, kuma ban ce komai ba, don ni ma a lokacin na ɗauka amsa ce.

Sista Veronica ta ɗauki biro.

"Kai Binta, zauna. Faɗa mini yadda shi zai yi magana."

Mu biyu muka sake gina matar. Muka sa mata suna Adama. Adama ba ta kawo ƙarar jikinta, jariri ta kawo. In an tambaye ta jiki, da sauƙi. Sai in nas ta ambaci jinin biƙi da bakinta, ko ta ce bari in duba ki, sannan za ta sunkuyar da kai ta ce, e to, yana ɗan zuwa. A ƙarƙashin zanena ana ɗaura tsumma da aka jiƙa da zoɓo mai kauri, wanda aka dama da ɗan sitaci don ya yi guda-guda. Ana shafa mini farar hoda a leɓe, a yayyafa mini ruwa a goshi kamar gumi. Wadda ta kalli fuskata da kyau za ta san akwai magana. Minti takwas ake bayarwa. In ƙararrawa ta buga nas ba ta gano ba, ko ta sallame ni, to ƙa'ida ita ce in miƙe, in goya jaririn, in je bakin ƙofa in yanke jiki in faɗi. Faɗuwar nan ni na kawo ta. Na ce su gani da idonsu, don jan biro a takarda ba ya shiga jiki.

Sista ta ajiye Adama don jarrabawar ƙarshe, ba a taɓa gwada ta a ajinsu mamanku ba. Kuma ɗakin Adama na dole ne, wadda ta faɗi a nan ta faɗi duka. Tun farko an tsara cewa Laraba ce za ta yi wa rukunin mamanku, tun da kowa ya san gida ɗaya muke kwana. Saura kwana uku Laraba ta zame a kasuwar kifi ta Kado ta karya ƙafa. Na je na samu Sista na ce a nemo wata. Ta ce daga ina, cikin kwana uku wa zai koyi Adama, kuma ai baƙon mai jarrabawa ne zai zauna da takardar maki, ba ni ba. Ta ce ta yarda da ni saboda bakina ba shi da mai, ba na sassauta wa kowa. A lokacin na ji daɗin maganar.

Mamanku ba ta roƙe ni komai ba. Wannan ku riƙe shi. Da ta ji labari, cewa kawai ta yi Allah ya haɗa ta da 'yar fim, in na ƙara gishiri a wasan za ta yi mini allura ta gaske. Sau ɗaya ta tambaye ni cikin raha ko mai ciki ce ko mai jego, na ce ba a faɗa, ta ce ta sani, gwada ni take yi. Ta koma kan littafinta da Sadiq a cinya. Ta rame a satin nan. Tana girki tana karanta jerin tambayoyi da Turanci, tana lissafa su da yatsu, tana ƙona miya.

Babanku ne ya roƙe ni. Jajiberin jarrabawar ya ce in shigo ya rage mini hanya, abin da bai saba yi ba. Muka maƙale a cunkoson Nyanya, masu sayar da biredi da katin waya suna buga gilashi. Ya kashe rediyo. Ya fara da cewa shi ba mutumin maguɗi ba ne, kowa ya san shi a ofis. Ya ce ba cewa ya yi in gaya mata amsa ba. Ya ce Hauwa ta fi duk 'yan ajin sanin aiki, shekara nawa tana karɓar haihuwa da fitilar ƙwai a Uke, tsoro ne kawai zai iya kayar da ita. Ya ce in na ga ta kauce hanya, in ɗan dafa wurin da ke ciwo, in ɗan yamutsa fuska, ai ko mara lafiya na gaske yana yin haka. Na ce mara lafiyar da nake yi ba ta yi. Ya ce wace ce ita da ta fi matarsa, mace ce ta takarda. Na fara maganar Inna, ya ɗaga mini hannu.

"Kada ki sako Inna cikin wannan. Inna ta tafi. Amira tana nan, jiya ta tambaye ni ko mamanta ta dawo ke nan gaba ɗaya. Me zan ce mata?"

Na juya ina kallon masu biredi. Abincinsa nake ci, a gidansa nake kwana, shi ya biya mini jarrabawar fita sakandare. Motar gabanmu ta motsa, na baya suka danna oda.

"To," na ce.

Kun san "to" ɗinmu. Tana iya zama na yarda, tana iya zama na ji, tana iya zama ka ƙyale ni. Ni kaina ban san wacce na faɗa ba. Shi ya ɗauki ta farko, ya kunna rediyonsa.

Washegari aka shirya ni tun da sassafe. Mai jarrabawar wani likita ne dattijo mai gilashi, ya zauna a kusurwa da takarda a gwiwa, Sista Veronica tana tsaye a bayansa da agogo. Ɗalibai huɗu suka riga mamanku shiga, biyu suka gano, biyu na faɗi. Ta huɗun wata Chinyere ce, Hausarta ta kasuwa. Da na ce da sauƙi sai ta ajiye biro ta ce wane irin sauƙi, ita ba ta gane sauƙin nan ba, in faɗa mata ina da ina. Cikin minti biyu ta ɗaga zanena ta ga zoɓo, ta kwantar da ni, ta yi kiran taimako. Rashin jin Hausa sosai ne ya cece ta, ba ta san gaisuwa ba ce, ta ɗauka amsa ce da ba ta cika ba.

Aka sake jiƙa tsumma, aka ƙara mini hoda. Ƙofa ta buɗe, mamanku ta shigo da farin kaya da na goge mata da hannuna.

Ta yi sallama, ta faɗi sunanta, ta wanke hannu, komai daidai. Ta zauna ta jawo kati. Ta yi mini barka, ta tambayi sunan jariri, na ce ba a yi suna ba sai gobe. Muryarta ba ta rawa, na ji daɗi.

"Sannu Adama. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Ta miƙa hannu ta karɓi jaririn roba. Nan na san ta kauce, don na ji yadda ta faɗe ta. Gaisuwa ta yi, aka amsa, ta rufe da addu'a, kamar yadda muke yi sau goma a rana, kuma a ranta an wuce wannan layin. Ta duba cibiya, ta duba idon jaririn, ta tambayi shan nono da kashi da fitsari. Ta yi bayanin rigakafi tiryan-tiryan, har likitan ya gyaɗa kai. Ni kuwa ina zaune, ruwan goshina yana gangarowa cikin idona, zoɓo ya fara bin cinyata, ina jiran ta ɗago. Ba ta ɗago ba. Daga jariri sai kati, daga kati sai jariri. Ko da take mini magana, kafaɗata take kallo, ko bangon bayana. Na ɗauka dariya take gudu, kada ta ga 'yar fim da hoda a baki ta ƙyalƙyale.

Sista ta ce saura minti uku. Mamanku ta shiga maganar wankan jego, kada ruwan ya yi zafi da yawa, a rage kanwa a kunu. Na ce a raina ga ta nan ta zo, daga wanka sai jini, taku ɗaya ne. Ta tambaye ni ina cin abinci, na ce ina ci. Ina samun barci, na ce ina samu. Ta juya katin ta koma kan tazarar haihuwa.

Ga abin da ban taɓa rubutawa ba sai yau. Na ɗaga hannu na dafa kaina. Na bar shi a wurin, na lumshe ido, na ɗan karkata kamar mai jiri. Adama ba ta yin haka, ni na hana ta da bakina, kuma biyun da na kayar da safen nan ban yi musu ba. Na yi wa mamanku. Da ba ta gani ba na sake, har da ɗan nishi. Likitan yana rubutu, bai lura ba. Da na buɗe ido, idon Sista Veronica na gani a kaina. Mamanku tana naɗe jaririn a tawul, kanta a ƙasa.

Ta miƙo mini shi, ta ce in dawo bayan sati biyar, in gaida mutanen gida. Ƙararrawa ba ta ma buga ba.

Daga kujerar zuwa ƙofa bai fi taku shida ba. Na goya jaririn a hankali, ina ɓata lokaci wajen ɗaurin zane ko za ta ce tsaya. Na tuna zan iya buɗe ƙofar in fita da ƙafata, amma hakan ba zai sauya abin da ke takardar likitan ba, sai dai ya rage mata ganin abin. Na kama mariƙin ƙofa, na saki, na faɗi yadda na saba, ta gefe don kada in danne jariri. Zanen ya buɗe, zoɓo ya malala a kan tayil.

Ban ga fuskarta ba, idona a rufe yake. Na dai ji kujera ta faɗi, na ji gwiwoyinta a ƙasa kusa da ni, hannunta a wuyana yana neman bugun jini, ɗayan yana murza mini mara da ƙarfi kamar yadda ake yi wa mai zubar jini na gaske, tana kiran a kawo ruwan ƙari. Duk abin da ya kamata ta yi, ta yi shi cikin ƙiftawar ido. Likitan ya ce ya isa, lokaci ya ƙare. Sai da ya faɗa sau biyu ta cire hannu.

Da aka tashi, Sista ta same ni ina wanke ƙafa a bayan gini. Ba ta yi faɗa ba.

"Kai Binta, kanka yana ciwo yau?"

Na ce a'a. Ta ce to ta gani. Ba ta kore ni ba, amma daga ranar ba ta ƙara sa ni a ɗakin jarrabawa ba, sai ajin sababbin shiga, in miƙa hannu a ɗaura mini bandeji. Laraba ta warke ta ci gaba da yin Adama.

A gida babanku bai jira sakamako ya fito ba. Ya ce na yi masa alkawari na karya, na zaɓi yabon wata tsohuwa a kan jininmu. Na ce masa na yi abin da ya ce, sau biyu ma, har ya jawo mini abin da ya jawo. Ya juya ya tambayi mamanku a gabana ko ta ga na yi wata alama. Tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi. Ta ce ita ba ta ga komai ba. Ya ce to na ji, bayan mugunta ga ƙarya. Labarin da kuka taso da shi daga wannan yammacin ya fito. Ya yi wata huɗu in na gaishe shi da hanci yake amsawa, ni kuma na daina gaisuwar, don ban iya lallashi ba.

Bayan sati biyu takardarta ta fito, ta koma Uke. Aka yanke cewa Sadiq zai bi ta saboda nono, Amira ta zauna saboda makaranta, ni in kula da ita. Babanku ya ce yana da taro ranar, don haka ni na raka ta tasha da jaka a kai. Amira ta riƙe mata siket tun daga gida, sai da maƙwabciya ta ɓamɓare ta. Ba mu yi magana a hanya ba. Ta samu kujerar taga, na miƙa mata Sadiq, na tsaya ina jiran mota ta cika. Ni ce ban iya haƙuri ba, na ce mata wallahi Anti na dafa kaina, ko ta yarda ko kada ta yarda.

"Na yarda," ta ce. "Ban gani ba ne. Ban kalle ki ba."

Na ce ai na lura, me ya sa.

"Da safen ranar yayanki yana sa takalmi ya ce kada in damu, ya gama magana da ke, in dai riƙa kallon fuskarki. Na shiga banɗaki na yi alwala, na rantse ba zan kalle ki ba har in fito. Na ce in zan ci, in ci da kaina." Ta gyara wa Sadiq hula. "Da wata ce zaune a kujerarki ranar, Binta, da tun daga ƙofa zan ga leɓenta."

Ta ce kada in gaya masa, ba zai iya ɗauka ba, gara ya yi fushi da ni tun da ni fushi ba ya kashe ni. Kwandasta ya buga mota. Ta leƙo ta ce Amira ba ta son albasa a ƙwai, kuma in riƙa duba mata kai ranar Asabar.

Shekara biyu da rabi ta ƙara a Uke kafin a sake buɗe kwas ɗin. Ni na yi wa Amira kitso duk tsawon lokacin, tana kuka tana cewa ba haka mamanta take yi ba. Na riƙe maganar kamar yadda aka ce in riƙe, har ƙaryar ta fara fitowa daga bakin yarinyar da na goya. Kafin in rubuta wannan na kira mamanku na gaya mata zan rubuta. Ta ce in yi abin da na ga dama, dama can ban taɓa jin magana ba.

Laifina na faɗe shi, na dafa kaina a inda bai kamata ba, kuma na biya. In kun gama karantawa ku kai wa babanku. In ya ce ƙarya na yi, ya tambayi matarsa, amma wannan karon ya tambaye ta inda take kallo.